Yadda Ake Kafa Awar Wasa da Koyo ga Ƙananan Yara a Makarantar Ƙauye

Tambaya ɗaya ce malamai suka dame ni da ita: ɗaki ɗaya, yara sun tasam ma hamsin, daga mai shekara 4 har mai 8, ba kayan wasa, ba mataimaki, ta ina za a fara? Wata malama ta ce ita kam ta gaji da "ku faɗa, ku sake faɗa", 'yan gaba na amsawa, 'yan baya na mintsinin juna. To ga yadda nake yi, bi da bi. Abin da ake nema a duk wannan shiri shi ne ka samu minti 15 kai da yara 10 ko 12 kaɗai, ka koya musu daga inda suka tsaya, sauran kuma suna gefe suna aikin da ba sai da kai ba. Zan yi lissafi da aji mai yara 48, kai sai ka daidaita da naka.

1. Gwada kowane yaro shi kaɗai

Kada ka sayi komai tukuna. Ɗauki takarda guda ka rubuta baƙaƙe da wasula 10 a warwatse, ƙarƙashinsu gajerun kalmomi 10, sai jimloli 4 masu sauƙi, sai ɗan labari. Duk a harshen da yaran ke ji a gida. Ka ba ajin zane su yi, kai kuma ka zauna bakin ƙofa kana kiransu ɗaya bayan ɗaya. Minti 3 ya ishi yaro guda, ke nan in kana ɗaukar 16 a rana, kwana 3 ka gama.

Ka rubuta wa kowa matakinsa: bai san harafi ba, ya san haruffa, yana karanta kalma, yana karanta jimla, yana karanta labari. Wannan rabon hawa biyar shi ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yi suna da shi, kuma abin da ya sa nake son sa, ba ya cin lokaci. A lissafi kuwa kada ka ce "ƙirga mini daga 1 zuwa 20". Yaro na iya rera wannan kamar waƙa alhali bai san 7 ba. Zube tsakuwa 10 a gabansa ka ce, "Ba ni 7." Nan za ka ga wanda zai ƙirga ya tsaya, da wanda zai kwaso maka duka yana murmushi.

Daga wannan takarda za ka fitar da rukuni 4 bisa matakin karatu. Ba lallai su yi daidai wa daida ba. In marasa harafi sun kai 20, raba su gida biyu, ka haɗe na sama wuri ɗaya.

Gargaɗi: kada ka raba su da shekaru ko tsawo ko ajin da rajista ta ce suna ciki. Kada kuma ka sa wa rukuni suna da zai nuna gwani da na baya. Sa musu launi, ko sunan tsuntsaye. Yara za su gane duk da haka, amma ba daga bakinka ba. Yaron da ya ƙi buɗe baki sam, kada ka yi saurin rubuta masa sifiri. Sake kiransa gobe tare da abokinsa. Wanda ke kanne ido yana kawo takarda dab da hanci, da wanda ba ya waiwayowa in ka kira sunansa a hankali daga bayansa, ka sa su gaba, ka faɗa wa iyayensu a kai su a duba.

2. Gyara wurin

Wannan aikin yini ɗaya ne da manyan yara biyu-uku. A share ɗakin da filin da za a yi wasa, a tsince fasasshiyar kwalba, ƙusa, ƙaya da waya, a cike ramuka, a ɗaga duwatsu da tarin itace saboda kunama. In akwai rijiya ko tsohon ramin masai kusa, sai an rufe kafin yaro ya fita. Tura bencina jikin bango. Ƙananan yara a ƙasa suka fi sakewa, kan tabarma ko buhun da aka farke aka wanke.

Sai wurin wanke hannu, tunda za a taɓa yumɓu da ƙasa. Samu galan mai lita 5, ka zafafa ƙusa ka huda shi ɗan ƙasa da murfi. Kafa sanduna biyu masu gwafa, ka gitta ta uku ta cikin hannun galan ya rataya. Ɗaura igiya daga wuyansa zuwa wata sanda da ke kwance a ƙasa, yadda in yaro ya taka sandar galan zai sunkuya ruwa ya tsiyayo. Huda sabulu ka rataye shi da zare a gefe, ka zuba tsakuwa a ƙasa don kada wurin ya yi caɓi. Cuɗa hannu da sabulu daƙiƙa 20 ne. Zaɓi 'yar waƙa mai wannan tsawon su riƙa yi.

Gargaɗi: galan ko jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin feshi, fetur ko baƙin mai ba ta shiga makaranta, ko sau nawa aka wanke ta.

3. Zauna da shugaban makaranta, sannan iyaye

Shugaba tukuna, domin shi zai ba ka awar a jadawali. Nemi ta safe, bayan darasin farko, kafin rana ta yi zafi yunwa ta taso. Sannan ka kira iyaye, ka zo da kayan a hannu, don dogon bayani ba ya shiga kamar gani da ido.

A zamana na farko wani dattijo ya bari na gama tsaf, sannan ya ce, "Malam, mu fa karatu muka turo su. Wasa ai akwai shi a gida." Ban yi musu ba. Na kira jikansa na zuba masa murafen kwalba 10 a hannu, na ce, "Ba Baba 6." Yaron ya miƙa 4, ya tsaya, ya kalle ni, ya ƙara 1, sai ya juye sauran duka. Na ce, "Baba, shekararsa guda yana rera ƙirga har 50. Ku ba ni mako 6, ku dawo ku tambaye shi da kanku." Ya ce, "To, Allah ya kai mu." Shi ne daga baya ya aiko da buhun murafe.

A wannan zaman ka tambayi ranakun da yara suka fi fashi, kamar ranar kasuwa da lokacin shuka da girbi. Ka kuma roƙi mutum ɗaya ko biyu, uwa ko yayar wani, su riƙa leƙowa ko sau 2 a mako su zauna a kusurwa guda, wato ɗaya daga wuraren aikin yara huɗu da za ka kafa a mataki na 5.

Gargaɗi: kada ka yanka wa kowane yaro kuɗi. Wanda gidansu ba su da shi zai daina zuwa, kuma galibi shi ne wanda ya fi buƙatar awar. Roƙi kaya, wanda ya ga dama ya kawo kuɗi, a rubuta a gaban kowa.

4. Tara kaya

Kashe kuɗin iri uku ne. Akwai na saye sau ɗaya: akwatin ƙarfe da kwaɗo, almakashi marar tsini guda 4, igiya, galan, da alƙalamin maka mai rubutu da kauri guda 2. Akwatin ne mai tsada a cikinsu, kuma kada ka yi rowa a kansa. Akwai masu ƙarewa: alli, gam da sabulu. Sabulu ne ke tsiyayar da kuɗi a hankali, don haka auna kwana nawa guda ke yi a makon farko, ka lissafa na zango duka ka ware kafin ka sayi wani abin sha'awa. Na ukun kyauta ne, kuma shi ne kaso mafi yawa: murafen kwalba kamar 300, kwalaye, gwangwanaye 20, tsinkaye, yumɓu, yashi, gawayi, tsummoki, tsohuwar taya.

Wanke murafen da sabulu ka shanya. Bubbuga bakin kowane gwangwani da guduma har sai ka shafa da yatsa ba ka ji kaifi ba. Huda tayoyi ta ƙasa, domin ruwan da ya kwanta a ciki cikin mako guda zuwa kwana 10 zai ƙyanƙyashe sauro.

Gargaɗi, kuma wannan a karanta shi sau biyu. Yara za su kawo maka 'ya'yan itatuwa masu kyau don ƙirga. Idon zakara, zurma da bini da zugu duk guba ne in an tauna, kada ko ɗaya ya shiga akwatinka. Ƙaramin batir mai kama da maɓalli, irin na agogo, in yaro ya haɗiye yana iya ƙona maƙogwaro cikin awa 2. Asibiti ne nan take. Sannan a ƙauye yara kan zo da ƙannensu a goye. A dokar kayan wasa ta Amurka, duk abin da zai shige bututu mai faɗin kusan santimita 3 ba a ba ɗan ƙasa da shekara 3, kuma murfin kwalba da tsakuwa duk sun faɗa ciki. Ware wa 'yan goyo tabarmarsu nesa da kusurwar lissafi, ka ba su ƙwallon tsumma da manyan kwalaye.

5. Kafa kusurwa huɗu

Ta farko taka ce, ta karatu. Zauna ka ba bango baya yadda idonka zai kai ko'ina. Yanka kwali girman tafin hannu, ka rubuta harafi ɗaya a kowane, ƙananan haruffa, da kauri. Ajiye faranti ko murfin kwali mai yashi don rubutu da yatsa. Rukunin da bai san harafi ba, kada ka wuce sabbin haruffa 3 a zama ɗaya, kuma sautin harafi za ka koyar kafin sunansa. Masu haruffa su haɗa gaɓa: ba, bi, bu, ki, fi, sai su jera katin ki da na fi su ga kifi ya fito. Ranar da yaro ya fara yin wannan da hannunsa, kalli fuskarsa. Masu kalma su jera jimla, masu labari su karanta su ba ka shi da bakinsu.

Sauran ukun sharaɗinsu ɗaya: yaro ya iya gane ya yi daidai ko ya kuskure ba tare da ya taso wurinka ba. A nan yawancin malamai ke faɗuwa. In aikin na buƙatar ka duba, to ka dawo gidan jiya, yara 48 a kanka.

Kusurwar lissafi: jera gwangwanaye 10, ka rubuta 1 zuwa 10 a jikinsu. Yaro ya zuba murafe daidai lambar, sannan ya juye su kan katin da ka ɗiga wa ɗigo daidai wannan adadin, murfi ɗaya kan ɗigo ɗaya. In ɗigo ya rage ko murfi ya yi saura, ya gani da kansa. Waɗanda suka wuce nan su ɗaure tsinkaye goma-goma da zare, su ciri kati mai 34, su ajiye dami 3 da tsinke 4. Amsar tana zane a bayan katin.

Kusurwar gini da zane: yumɓu, gawayi, alluna, kwalaye. Ba ta son dogon tsari. Wani lokaci ka ce a mulmula harafin makon da yumɓu, wani lokaci ka ƙyale su.

Kusurwar kwaikwayo: kwalayen da ba komai ciki, kuɗin takarda da kuka zana, tsummoki. Yau kasuwa, gobe asibiti, jibi tashar mota. Ita ce mai hayaniya, saboda haka ta fi nesa da taka. In akwai baranda ko inuwa da kake hangowa ta ƙofa, can ne wurinta.

6. Mako guda na horo, ba darasi

Karon farko da na yi, na zumuɗa na zazzage kayan duka ranar Litinin. Kafin tara, murafe sun koma aljihu, yumɓu ya hau bango, biyu na kuka a kan almakashi ɗaya, ni kuma ko harafi ban koyar ba. Na kwashe komai na kulle, na sake farawa kamar haka.

Ranar farko alama kawai: tafi 3, kowa ya saki abin hannunsa ya ɗora hannu a ka. A maimaita har ya zama wasa. Rana ta biyu tashi daga tabarma zuwa tabarma, ba kaya, kullum ta hannu guda ake zagayawa. Ta uku buɗe kusurwar lissafi kaɗai, rukuni ɗaya na yi sauran na kallo, har da yadda ake mayar da kaya. Ta huɗu ƙara gini da kwaikwayo, kai kana yawo tsakaninsu. Sai ta biyar ka zauna a taka.

Naɗa wa kowane rukuni monita biyu, mai fito da kaya da mai ƙirga su a mayar, kana sauya su duk mako har a zagayo kan mafi ƙanƙanta. Makarantun karkara na Kolombiya da ke bin tsarin Escuela Nueva tun 1975, inda malami ɗaya ke riƙe azuzuwa da yawa, da irin wannan ba wa yara ragama suke tafiya. Dokar da nake kafawa ita ce: in Malam na kan tabarma, monita ake tambaya, sai dai in jini ne, ko wuta, ko fitsari ya matsa. Suna dariya, amma suna riƙewa.

Gargaɗi: kada ka ba monita bulala ko ikon rubuta sunan masu surutu. Ya zama ɗan sanda ke nan, kuma rukunin ya mutu.

7. Tafiyar da awar

Minti 10 na farko kowa a da'ira: kiran suna, waƙa, gajeriyar tatsuniya. Minti 15 kusurwa ta farko. Minti 3 sauyi. Minti 15 kusurwa ta biyu. Minti 7 tattara kaya da wanke hannu. Minti 10 na ƙarshe a koma da'ira, yara 3 ko 4 su nuna abin da suka yi. Ka ga kowane rukuni na zuwa kusurwa 2 a rana, ya zagaye huɗun cikin kwana 2, kai kuma kana ganin kowane yaro ido da ido aƙalla sau 2 a mako. Zana wannan zagayen a bango da launukan rukunoni don kada a riƙa tambayarka.

Rukunin da ya fi rauni shi za ka fara ɗauka, lokacin da hankalinka da nasu ke sabo. Ranar da rabin aji bai zo ba, kada ka shigo da sabon harafi, a yi bita. In minti 15 ya yi wa 'yan shekara 4 yawa, rage zuwa 10, ba laifi. Abin da ba a taɓawa shi ne minti 7 na tattarawa. Ranar da ka ci shi don darasi ya yi daɗi, gobe za ka tarar da katin "b" a bakin akuya.

8. Fita waje

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara 3 zuwa 4 na buƙatar minti 180 na motsa jiki a yini, 60 daga ciki mai sa haki, daga shekara 5 zuwa 17 kuma kimanin minti 60 kullum. Yaran karkara na samun kaso mai yawa a hanya da aike, don haka naka shi ne minti 20 zuwa 30 mai tsari. Tsallen igiya, gara taya, jefa ƙwallon tsumma cikin bokiti, ko ka zana gidaje a ƙasa ka rubuta lambobi ko haruffa, ka kira ɗaya su yi tsalle su faɗa. Guji wasan da ake fitar da wanda ya faɗi, domin mafi ƙanƙanta ne kullum zai fara fita ya zauna yana kallo.

Ƙirga su da ƙarfi in za a fita, ƙirga su in an dawo, kullum.

A gefen filin kowane rukuni ya shuka wake a gwangwanin da aka huda ƙasansa. Kafin mako ya zagayo ya tsiro. Kafa tsinke a gefe su riƙa yin alama duk safiya, ga awo ya samu ba da littafi ba.

Gargaɗi: irin shuka da aka yi wa hodar magani mai launi ba na hannun yara ba ne, nemi wanda ba a sa wa komai ba. In an ji tsawa a koma ɗaki, ba gindin bishiya ba, kuma sai an yi minti 30 ba a sake jin ta ba a fito. Wanda ya yi haɓo ya zauna ya ɗan sunkuyo gaba, a matse tattausan hancinsa minti 10; kada a ɗaga kansa sama, jinin zai koma maƙoshi.

9. Sake gwaji, sake rabo

Bayan mako 5 ko 6 ka maimaita gwajin mataki na 1 da sabbin kalmomi, don wasu sun haddace tsohuwar takardar. Wanda ya haura ya sauya rukuni a ranar. Da fensir nake rubuta sunayen saboda haka. Wanda ya yi gwaji 2 bai gusa ba, duba rajista kafin ka zargi kansa. Sau da yawa za ka tarar rabin kwanakin ba ya nan, sai ka taka zuwa gidansu. Wannan ne kuma lokacin kiran iyaye su zo su zauna awa guda su gani. Kada ka shirya musu wasan nuni da 'yan gwanaye biyar, bar su su ga awar yadda take kullum, kowane uba ya miƙa wa ɗansa murafe ya ce a ba shi 6.

10. Rufewa in hutu ya zo

Ƙirga katuna, ka sake yanka waɗanda suka ɓace tun kana tuna su. Shanya komai ya bushe ƙayau kafin ya shiga akwati, in ba haka ba za ka buɗe ka tarar da fumfuna. Ɗora akwatin kan bulo 4, nesa da bango, saboda gara. Kwali abincinta ne, kuma hutu ɗaya ya ishe ta. Juye ruwan galan ka shigo da shi da igiyarsa, tayoyi su shiga ƙarƙashin rufi, gwangwanayen shuka kuma a raba wa monitoci su tafi da su gida. Manna takardar matakan yaran da zanen zagayen kusurwoyi a cikin murfin akwatin, ka yanka makulli 2, ɗaya a hannunka ɗaya wurin shugaban makaranta, don canjin wurin aiki kan zo wa malami ana tsakiyar hutu.